Inci Biyu da Rabi a Ƙarƙashin Gwiwa

Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga sai wayata ta yi ƙara. Kocin su Auta ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Yaya, ki same mu a asibiti. Gwiwa ce."

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha biyu na ba shi. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarmu ta rasu, ni na ƙarasa rainonsa. Da na yi aure ma da shi na tafi, har maigidana yake cewa a cikin kayan ɗakina ya tsince shi. A gida Auta ne, a filin ƙwallo kuwa Barewa ake ce masa saboda gudu. Lamba sha ɗaya yake sawa, kuma ni na ɗinka masa ita a bayan rigarsa ta farko, tun ba a san shi ba.

Babu wanda ya taɓa shi a ranar. Ya zo zai juya da ƙwallo, takalmi ya kafe a ciyawa, jiki ya tafi ƙafa ta tsaya. Hoto ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ta tsinke. Bayan sati uku aka yi masa aiki.

Washegarin aikin Koci ya zo dubiya. Ya tsaya a bakin gado yana jujjuya hularsa a hannu.

"Barewa, ka san bana za mu hau rukunin manya."

"Na sani, Koci. Shekara takwas nake jiran sa."

"To. Saura wata tara a rufe rajistar 'yan wasa. Zan riƙe maka lambarka. Ka kawo mini takardar likita kafin ranar, rigarka tana nan. In ranar ta wuce, hannuna ba ya kaiwa."

Shekarar Auta ashirin da takwas. Babu wanda ya ambaci wannan a ɗakin, amma kowa ya lissafa a ransa.

Ranar sallama na fita neman tasi, na ɓata lokaci da mai gadi a kan sai an bar motar ta shigo har bakin ƙofa. Ina dawowa na yi kiciɓis da bayan wata mata mai farar riga tana fita daga ɗakin. Auta yana zaune, ido a lumshe saboda magani, da wata takarda a cinyarsa.

"Wace ce waccan?"

"Likitar gashin ƙashi. Ita za ta riƙa motsa mini ƙafar duk sati."

"Me ta ce?"

"Surutu ne dai. Yana cikin takarda."

Na ninke takardar na cusa a jaka, na kama shi muka fita.

Shagona a gaban gida yake, ɗakin Auta yana bayansa, bango ɗaya ya raba mu. Muka kwantar da shi. Yana ta nishi, ya kasa samun yadda zai ajiye ƙafar. Na durƙusa na duba. Cinya tana kan katifa, dunduniya tana kan katifa, amma gwiwar a sama take, a ɗan lanƙwashe, da rami a ƙarƙashinta. Shekara ashirin ina ɗinki, idona ba ya ganin gurbi ya bar shi. Na zare tef daga wuyana na auna ramin. Inci biyu da rabi.

Kafin a yi awa ɗaya na yanka ragowar wani yadi mai laushi, na ɗinka ɗan filo mai ƙusumbi a tsakiya, na cusa auduga har ya yi daidai da awon. Na zura shi a hankali ƙarƙashin gwiwar. Ya shige kamar da shi aka halicce ta.

Auta ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dube ni, sai ya ce, "Sannu, Yaya." Minti biyar ba a yi ba ya yi barci, na farko a cikin kwana huɗu.

Maigidana ya dawo daga aiki da yamma, ya leƙa ɗakin da jakar kayan wayarinsa a kafaɗa.

"Wannan kuma fa? Likita ce ta ce a sa?"

"Likita ce ta raine shi?"

Ya ɗaga hannu biyu. "Allah ya huci zuciyar babbar likita. Ni dai wuta na iya gyarawa."

Auta ya fara zuwa gashi duk ranar Talata. Ina sa shi a tasi in koma kan keke, don aiki ya yi mini yawa a watan. Yana dawowa a jigace, yana zagin likitar ƙasa-ƙasa. Shi ya laƙaba mata Sajan. Aikin gida da ta ba shi kuwa ni a ganina mugunta ce tsagwaronta: ya zauna, ya ɗora dunduniya a kan kujera, ya bar gwiwar tana reto a iska babu abin da ya tare ta, har minti goma, sau biyar a yini.

Ranar farko da ya gwada, ta cikin bango na ji nishinsa ya fi ƙarar kekena. Na shiga na same shi ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ciji gefen rigarsa.

"Saura minti nawa?"

"Bakwai."

"Sauke ƙafar nan."

"Sajan ta ce…"

"Sajan ba ta nan. Mutum da ɗanyen ɗinki a jiki a ce ya rataye ƙafa kamar shanya? Sauke."

Bai yi gardama ba. Na mayar masa da filonsa, na ga fuskarsa ta saki. Daga ranar, in na ji nishi ya yi yawa sai in tsayar da keke in shiga. Minti goma suka koma biyar, biyar suka koma uku. Na ɗinka wa filon riga biyu, in an wanke ɗaya a sa ɗaya. Yana barci da shi, yana kallon ƙwallo da shi, yana shan shayi da shi. Har nuna wa masu kawo ɗinki nake yi.

A sati na biyar ya ajiye sanda ɗaya, a na shida ya ajiye ɗayar. Na yi murna ƙwarai. Sai dai tafiyar ba ta yi mini ba. Da yatsu yake takawa, dunduniyar ba ta sauka sosai, kafaɗa ɗaya tana nutsewa.

Maigidana ya gan shi yana tsallaka tsakar gida ya ce, "Barewa, wannan takun na masu satar fita ne. Wa kake gudun ya ji ka?"

"Kai dai ka ji da tumbinka. In na warke ko da ƙafa ɗaya sai na ba ka rata."

Muka yi dariya mu uku. Na lura dariyar Auta ta riga tamu ƙarewa.

Talata ta takwas ya dawo bai zagi kowa ba. Ya tsaya a ƙofar shago.

"Sajan ta ce jibi in zo da mai jinyata."

"Laifin me na yi?"

"Oho."

Ranar tafiya na ɗauki filon zan sa a jaka. Ya ce, "Yaya, bar shi a gida."

"Ƙafarka ta yi ta jijjiga a mota? Wuce mu tafi."

Ɗakin gashin dogo ne, da ƙarafunan dafawa a jikin bango, da kekuna marasa taya, da robobi kala-kala a rataye. Na zo da shirin ganin ƙatuwar mace mai tsawa. Sai ga wata 'yar siririya mai tabarau, muryarta sai ka matso kake ji. Ta gaishe ni da ladabi har da "Yaya," ta sa Auta ya kwanta rigingine a kan wani gado mai tauri.

"Ki matso ki gani," in ji ta.

Ta gwada zura hannu ƙarƙashin lafiyayyiyar gwiwar. Ko yatsa bai shiga ba. Ta koma ɗayar. Hannunta ya shige gaba ɗaya har da sauran wuri. Ta ɗora tafi biyu a kan gwiwar ta danna. Auta ya damƙi gefen gado, jijiyar wuyansa ta tashi. Gwiwar ba ta sauka ba ko kaɗan.

Ta juya za ta ɗauko abin awo. Ni kuwa baki ya riga ni.

"Inci biyu da rabi ne."

Ta auna, ta dube ni ta saman tabarau. "Ke ma'aikaciyar asibiti ce?"

"Tela ce."

Auta yana ta haki saboda dannawar da ta yi. Ban yi wani tunani ba, na buɗe jaka na ciro filon na zura masa. Ya zauna ɗas a gurbinsa.

Likitar ta daɗe tana kallon filon. Ta zare shi, ta juya shi a hannu, har ta shafa ɗinkin da babban yatsa. Sannan ta dubi Auta.

"Sau takwas na tambaye ka ko kana sa wani abu a ƙarƙashin gwiwa. Sau takwas ka ce a'a."

Auta ya kafe silin da ido.

"Tun yaushe?" Ni ta tambaya.

"Tun ranar da muka koma gida. Don ya ji sauƙi ne, likita."

"Na sani. Ya kuwa ji." Ta ajiye filon a kan tebur. "Yaya, nama yana warkewa ne a yadda aka ajiye shi. Kun ajiye gwiwar a lanƙwashe dare da rana, ta warke a lanƙwashe. Tabo ya cika wurin da ya kamata ta miƙe. Filo a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta. Zafin nan da kike jin yana nishi, shi ne maganin. Yana cikin takardar da na ba ku, abu na farko, har da zane."

Muna isa gida na shige shago na rufe ƙofa. Akwai wata doguwar ƙusa a gefen teburin yanka inda nake soke takardun awo. Ni duk takardar da ta shigo hannuna, in dai bayanta fari ne, ta zama ta awo. Na zare su duka na baje a ƙasa. Ga takardar likitar nan wajen tsakiya, da rubutuna a bayanta: kafaɗa sha biyar, ƙirji talatin da takwas, tsawo hamsin da shida, a yi wa hannun tattara. Na juya ta.

Zanen ƙafa ne a kwance, da filo a ƙarƙashin gwiwa, an gicciye shi da jan layi biyu. Ko wanda bai shiga aji ba zai gane. Wata biyu tana soke a gefen gwiwar hannuna.

Maigidana ya same ni a zaune a ƙasa da takardar. Ya karɓa ya duba. Na jira ya tuna mini tambayar da ya yi. Bai tuna mini ba. Ya ce, "Tashi. Me likitar ta ce a yi yanzu?"

Sati uku ta ba mu mu gwada da ƙarfi. Na ɗinka jakar yashi mai kilo biyu, da hannun nan da ya ɗinka filo. Auta ya ɗora dunduniya a kan kujera, ni in ɗora jakar a kan gwiwar, in tsaya a kansa da agogo. Yana kuka da hawaye, yana cewa, "Yaya, don Allah ya isa." Ina cewa, "Saura minti huɗu." In na fito sai in kunna keke in yi ta taka shi babu yadi a ƙarƙashin allura, don kada ya ji ni.

Kullum da safe ina aunawa. Biyu da kwata. Biyu. Ɗaya da rabi. Daga nan ya tsaya cak. Kwana tara tef yana faɗin abu ɗaya.

Aka sake shiga da shi ɗakin tiyata aka kankare tabon. Da ya farfaɗo, na zura hannu ƙarƙashin gwiwar, bai shiga ba. Ƙafar ta miƙe sambal. Amma cinyar ta rame kamar ba tasa ba, kuma wata uku da rabi sun tafi a cikin taran. Daga farko aka sake somawa.

Ban taɓa ganin mutum ya yi aiki kamar yadda Auta ya yi a watannin nan ba. Hawa bene, keke, roba, tsugunno da ƙarfe a kafaɗa. Ya daina zagin Sajan, har kyautar lemo yake kai mata. A wata na bakwai ya fara sassarfa. A na takwas ya taɓa ƙwallo.

Gwajin ƙarshe tsalle ne da ƙafa ɗaya: ya tsaya a kanta, ya yi tsalle gaba, ya sauka a kanta ba tare da ya yi tangaɗi ba. Lafiyayyiyar tana kai shi inci saba'in. Likitar ta ce sai mai ciwon ta kai sittin da uku za ta sa hannu. Na ja layi da allin ɗinki a tsakar gida, kullum muna aunawa. Hamsin da biyu. Hamsin da biyar. Maigidana yana zama a kan bokiti yana yi mana alƙalin wasa, da usur ɗin da ya sayo don tsokana.

Saura kwana uku a rufe rajista muka je. Koci ma ya zo, da fom ɗin a cikin ambulan. Sau uku ake gwadawa.

Na farko, hamsin da shida.

Na biyu, hamsin da takwas.

Kafin na uku Auta ya daɗe a tsaye yana kallon layin. Ya yi tsalle da duk abin da yake da shi. Ya wuce sittin, na gani da idona, amma yana sauka gwiwar ta karkata ciki, ya kai hannu ƙasa.

"Ba a ƙirga wannan," in ji likitar a hankali.

Na bi ta har teburinta. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba.

"Likita, inci biyar ne fa. Inci biyar ko a riga ana sakinsa. Ki sa hannu, ni na ɗauki alhakin. Laifina ne, ba nasa ba."

Ta cire tabarau ta goge. "Yaya, in na sa hannu yau, wani filon na sa masa. Zai ji daɗi sati biyu, a wasan farko ta sake tsinkewa, kuma wannan karon har tafiya sai ta gagare shi."

"To nawa ya rage? Kwana nawa?"

"In ya ci gaba a haka, sati takwas."

Na saki hannunta. Sati takwas. Ban buƙaci kowa ya lissafa mini ba.

Koci ya dafa kafaɗar Auta, ya ce a bari a gani baɗi. Ya mayar da ambulan aljihu. Duk mun san yaron da zai ba lambar, ɗan shekara sha tara ne, kuma baɗi ashirin zai yi.

Ba mu hau mota ba, Auta ya ce mu taka. Muna tafe a gefen titi, yana taku daidai, dunduniya tana sauka kamar ta kowa. A gaban wani shagon faci na kasa riƙewa.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ka sani tun ranar farko."

"Na sani."

"Kalma ɗaya, Auta. Da na cinna masa wuta."

Muna wuce shagon ya ce, "Na so in ce don kada ranki ya ɓaci ne. Kina shigowa kina gyara shi, kina nuna wa mutane. Wannan gaskiya ne, amma rabi ce." Ya share fuska da tafin hannu. "Sauran rabin, tsoron zafin nake ji, Yaya. Duk ranar Talata sai in ce daga gobe zan cire. In gobe ta yi sai in ji takunki, in ce yau dai kaɗai. Da ba ki shigo kin ce in sauke ba, da ni zan kira ki."

"Kana faɗa ne don in ji sanyi."

"Kin ji sanyin?"

"A'a."

"To ni ma."

Ya warke. Bayan sati takwas ɗin ya yi tsallen sittin da huɗu a tsakar gida, maigidana ya busa usur, babu wanda ya tafa. Koci bai yar da shi ba, ya ba shi kula da kayan ƙungiya da horar da masu gudu a gefe. Yana tafiya da su duk inda za su, yana zama a benci da jakar ƙwallaye a tsakanin ƙafafunsa.

Ana saura sati ɗaya a fara kakar wasa ya shigo shago da ƙunshi a kafaɗa, ya sauke a kan teburin yanka. Sabbin riguna ne na rukunin manya, guda ashirin da biyar, da lambobinsu a leda.

"Na ce musu babu wanda zai ɗinka lambar nan sai yayata. Jibi ake so."

"Jibi? Ni inji ce?"

"Ke kika ce kin fi inji."

Na fara daga ɗaya. Yana zaune a kan kujerar masu jira yana miƙo mini su bi da bi, yana ba ni labarin mai kowace riga: wannan malalaci ne, wannan ba ya ba da ƙwallo, wannan yana tsoron ruwan sama. Da muka wuce goma sai labarin ya tsaya. Ya miƙo ta gaba.

Na shimfiɗa ta. Ban sa tef ba, idona ya auna: ƙirji talatin da shida. Na Auta arba'in ne. Na jera lambobin biyu a baya, na kama da fil, na sa a ƙarƙashin allura. Ƙafata ta taɓo wani abu mai laushi a ƙarƙashin keke. Filon ne, tun ranar da na dawo da shi daga wurin likitar yake wurin, na kasa jefar da shi na kasa kallonsa. Na ture shi gefe na taka.

Da na gama na ɗaga rigar. Auta ya karɓa ya nufi ƙofa da ita inda haske yake, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya, ta daman ta karkace."

"Ba ta karkace ba."

"Ta karkace kaɗan. Daga benci zan riƙa ganinta duk sati."

Na karɓa na duba. Da gaskiyarsa, ba ta kai rabin inci ba. Na ɗauko reza na fara farke ɗinkin, zare ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya koma ya zauna da riga ta sha biyu a cinyarsa yana jira.